Ina ya kamata shafin intanet ya ajiye lambar zamanka?

Ranar Juma'a 28 ga Satumban 2018, mutane kusan miliyan 90 a faɗin duniya sun buɗe Facebook suka tarar an fitar da su, sai sun sake rubuta kalmar sirri kafin su shiga. Ba kalmar sirrin aka sace ba. Abin da masu kutse suka kwasa shi ne wata 'yar shaida da kamfanin ke bai wa wayar mutum bayan ya shiga, wadda ke hutar da shi rubuta kalmar sirri duk lokacin da ya ɗauki waya. Da farko kamfanin ya ce asusu miliyan 50 abin ya shafa, ya haɗa da wasu miliyan 40 don rigakafi. Bayan mako biyu ya dawo ya ce waɗanda aka sace wa shaidar kimanin miliyan 30 ne.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne yadda kamfanin ya iya soke shaidar mutum miliyan 90 a tashi ɗaya, ta zama shara a hannun ɓarayin. Duk mai gina shafin da ake shiga da suna da kalmar sirri, na makaranta ne ko na kanti ko na asibiti, ya kamata ya tambayi kansa: in irin wannan rana ta zo mini, ina da hanyar korar wanda ya shigo da shaidar sata? Amsar tana rataye ne da inda ya ajiye lissafin waɗanda ke ciki, da kuma siffar da ya ajiye shi.

Tushen matsalar mantuwa ce. Ƙa'idar HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN ta Switzalan wajen 1990, an gina ta ne don ɗauko takardu. Burauza ta tambaya, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wato sabar, ta amsa, shi ke nan an rabu. In burauzar nan ta sake tambaya bayan daƙiƙa ɗaya, sabar ba ta san ta taɓa ganinta ba. Don karanta rahoton masana kimiyya wannan ya wadatar. Amma ranar da aka ce za a yi ciniki, dole shafi ya tuna cewa wanda ya zuba kaya a kwando shi ne dai ya zo biyan kuɗi. A 1994 wani matashin injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya fito da mafita: sabar ta miƙa wa burauza ɗan guntun rubutu, burauza kuma ta riƙa dawo da shi tare da kowace buƙata. Shi ne kuki. An rubuta ƙa'idarsa a hukumance a 1997, aka sake tsara ta a 2011 cikin takardar RFC 6265.

Kuki ƙarami ne, abin da ake sa ran burauza za ta ɗauka bai wuce kilobait huɗu ba, kuma yana hannun mai amfani, zai iya buɗe shi ya sauya abin da ke ciki. In ka rubuta a kuki cewa wannan Audu ne, ɗalibi, to ba abin da zai hana Audu ya goge ya rubuta shugaban makaranta. Saboda haka magina shafuka suka koma ga wata dabara: kada a sa komai mai ma'ana a kukin, a sa doguwar lamba kawai, bayanin kuwa ya zauna a wajen sabar. Duk wanda ya taɓa ajiye babur a bakin kasuwa ya san tsarin. Mai gadi ya rataya wa babur lamba, ya ba ka 'yar'uwarta ka jefa aljihu. In ka dawo, lambar zai duba, ba fuskarka ba, kuma wanda ya tsinci lambar a ƙasa zai iya tafiya da babur ɗin. Lambar zama ke nan. Tun daga shigarka har fitarka, ita ce kai a wajen shafin, darajarta daidai da ta kalmar sirri, wani lokaci ma ta fi, don mai riƙe da ita ya riga ya wuce matakin lambar OTP da ake turowa ta waya.

Sharaɗin farko, kada a iya cankarta. Ƙungiyar OWASP, da ke fitar da shawarwarin tsaron manhajojin intanet, ta ce kada abin da ba ya hasasuwa a cikin lambar ya gaza bit 64, kuma da yawa a yau 128 suke amfani da shi, wanda yawan lambobin da zai iya fitarwa adadi ne mai alƙaluma 39. A nan babu wani abin wahala: PHP na da random_bytes, Python na da secrets, kuma manyan tsare-tsaren gina shafi duk suna yi maka da kansu. Mai jawo wa kansa bala'i shi ne wanda ya ce zai haɗa tasa da agogon kwamfuta da sunan mai amfani. Sai mu wuce.

Saura batun wurin ajiya. Hanyar da aka fi sani tun da daɗewa ita ce ta PHP, wanda ya zo da tsarin zama a cikinsa tun fitowar PHP 4 a shekarar 2000. Kukin sunansa PHPSESSID. Kowane zama da fayil ɗinsa, sunan fayil ɗin kuwa shi ne sess_ sannan lambar zaman kanta. In ka buɗe shi za ka ga ɗan rubutu kamar user_id|i:42. Wanda ke nufin mai wannan zama shi ne na 42 a rajista. In ba a sauya komai ba, fayilolin na zuwa ne jakar wucin-gadi ta kwamfutar, a Ubuntu kuwa suna /var/lib/php/sessions. Tsarin yana da sauƙi, yana da sauri, kuma shafuka marasa adadi sun rayu da shi shekara da shekaru.

Sai dai ka sake duban sunan fayil ɗin. Duk wanda ya iya ganin jerin sunayen da ke jakar, ko bai buɗe ko ɗaya ba, ya riga ya mallaki lambar kowa. A sabar haya mai araha, inda shafuka ɗaruruwa ke zaune a kwamfuta ɗaya, wannan ya sha zama ƙofa idan mai hayar bai raba jakunkunan da kyau ba. Na biyu, ranar da shafi ya bunƙasa aka ƙara sabar ta biyu, mutum zai shiga ta wannan, buƙatarsa ta gaba ta faɗa waccan, ita kuwa ba ta da fayil ɗinsa, sai ta ce ya sake shiga. Akan ɗaure kowane mai amfani ga sabar guda don kauce wa haka, amma in ta faɗi mutanenta duk sun fita. Na uku, wanda ya fi damuna: in Hajara ta kira ta ce an sace wayarta, ba ka da hanyar gano fayilolinta sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

A rumbun bayanai, MySQL ne ko PostgreSQL, wannan tambaya ta Hajara umarni ɗaya ce. Ɗauki teburin da Laravel, wani tsarin gina shafi, ke ƙirƙira. Gurbi shida gare shi: lambar zama, lambar mai amfani, adireshin IP, bayanin burauzar da aka shigo da ita, kayan zaman, da lokacin motsi na ƙarshe. Kowane zama layi ɗaya. Ka ce a goge duk layin da ke ɗauke da lambar Hajara, ɓarawon wayar ya tsinci kansa a waje da danna abu na gaba. Daga irin wannan lissafi ne shafi ke iya nuna wa mutum jerin na'urorin da ya shiga da su, kamar yadda Google da Facebook ke yi, har ya kori wadda bai gane ba. In mutum ya sauya kalmar sirri, a kashe sauran zamansa. In ma'aikaci ya bar aiki, a rufe masa ƙofa kafin ya kai bakin titi. In abin ya yi ƙamari, a share teburin baki ɗaya. GitHub ya yi makamancin haka ranar 8 ga Maris ɗin 2021, bayan ya gano wani kuskure a manhajarsa da kan aika wa wani kukin wani jefi-jefi. Zaman da abin ya shafa kaɗan ne ƙwarai, amma ya fitar da kowa.

Ba mamaki Django, tsarin gina shafi na Python, a rumbun bayanai yake ajiye zama in ba ka ce masa komai ba, cikin tebur mai suna django_session, da wa'adin mako biyu. Laravel ya daɗe yana farawa da fayiloli, amma daga fitowa ta 11 a Maris ɗin 2024 sabon aiki a rumbu yake farawa. Akwai ɗan bambanci da ya kamata a sani. Teburin Django gurbi uku kawai gare shi, lambar zama da kayanta da ranar ƙarewa, babu gurbin mai amfani, don haka neman zaman mutum guda ba ya zuwa da sauƙi sai ka ƙara wa tsarin wani abu. A ganina teburin zama da ba shi da gurbin mai shi ya zubar da rabin amfanin zuwa rumbu.

Masu suka suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Cewa suke rumbun bayanai shi ne wurin da ya fi saurin cunkushewa a kowane shafi, kai kuma ka ɗora masa duba lamba a kowace dannawa. Bari mu yi lissafi. A ce mutum 3,000 ne ke cikin shafinka a lokaci guda, kowa na danna wani abu duk daƙiƙa goma. Dubawa 300 ke nan a daƙiƙa, kowace kuma neman layi ɗaya ce ta fihirisa, aikin da ya fi kowane sauƙi a wajen rumbu. Sabar matsakaiciya na yin dubbai irinsa a daƙiƙa. Shafuka nawa ne ma ke tara mutum 3,000 a lokaci ɗaya? Mafi yawan masu wannan fargaba suna yi wa cunkoson da bai zo ba tanadi ne.

Inda nauyin yake da gaske shi ne rubutu. In duk dannawa sai an sabunta lokacin motsi na ƙarshe, to kowace karantawa ta haifi rubutawa, rubutu kuwa sai ya taɓa faifai, ya taɓa fihirisa, a PostgreSQL ma ya bar mataccen layi da sai an zo an kwashe daga baya. Maganin ba shi da tsada: kada a sabunta lokacin sai in minti ɗaya ko biyar sun wuce da sabuntawar baya. Django ma ba ya sake rubuta zama sai wani abu ya sauya a cikinsa.

Akwai wani tarko da ke kama masu ƙaura daga fayil zuwa rumbu a PHP. Tsarin fayil yana kulle fayil ɗin zama har buƙata ta gama, don haka buƙatu biyu na mutum ɗaya layi suke bi. Da ka rubuta naka mai ajiya ta session_set_save_handler, kullen nan ya tafi sai in kai ka gina shi. Shafukan zamani kuwa kan aika buƙatu da yawa a tare. Biyu su karanta zaman a lokaci guda, wannan ta ƙara atamfa a kwando, waccan ta ƙara takalmi, wadda ta rubuta daga baya ta danne ta farko, atamfa ta ɓace babu wanda ya san dalili. Irin kuskuren da ba ya fitowa a kwamfutar mai gini, sai a hannun jama'a. Ko dai a kulle layin yayin aiki, ko kuma, wanda na fi so, a rage abin da ake cusa wa zama. Kwandon ciniki ya samu nasa teburin. Zama ya riƙe wane ne, yaushe ya shiga, yaushe zai ƙare.

Sai shara. Mutane ba sa danna maɓallin fita, rufe burauza kawai suke yi, layinsu ya zauna. PHP kan bar kwashewa ga sa'a, a bisa tsarinsa na asali buƙata ɗaya cikin ɗari ce ke tsayawa ta share zaman da ya wuce daƙiƙa 1,440, wato minti 24, ba a taɓa shi ba. Laravel ma ƙuri'a yake jefawa, biyu cikin ɗari. Django ba ya sharewa da kansa sam, ya ba ka umarnin clearsessions ne ka tsara masa lokaci, kuma wanda ya manta zai wayi gari teburin zama ya fi duk sauran girma, musamman in ana buɗe wa kowane baƙo da kowace manhajar bincike zama. A sa fihirisa a gurbin ranar ƙarewa, a riƙa gogewa kaɗan-kaɗan da daddare.

Waɗannan dalilai ne ke kai wasu ga Redis, wanda Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya ya fitar a 2009, ko Memcached, wanda Brad Fitzpatrick ya rubuta wa LiveJournal a 2003. Suna riƙe bayani a ƙwaƙwalwar kwamfuta maimakon faifai, kuma kana iya ce wa kowane zama ya mutu da kansa bayan lokaci kaza, batun shara ya ƙare. Suna da kyau ga babban shafi. Amma ƙarin na'ura ce da za a kula da ita, a tsare ta, a biya mata. Memcached kan zubar da tsofaffin abubuwa in wuri ya cika, kuma in aka sake kunna shi kowa ya fita. Redis da aka bari a buɗe ga intanet ba tare da kalmar sirri ba kuwa, masu kutse sun daɗe da sanin hanyarsa. Shawarata, fara da rumbun da kake da shi, ka auna, in awo ya nuna zama ne ke danne shi sannan ka ƙaura.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kowa ya yarda ba a ajiye kalmar sirri a rumbu yadda mai ita ya rubuta ta. Wanda ya yi haka a yau abin kunya ne gare shi a cikin abokan sana'a. Amma mutumin da ya bi duk ƙa'ida wajen kalmar sirri sai ka tarar ya jera lambobin zama tsirara a teburin da ke maƙwabtaka, alhali kowace ɗaya mabuɗi ce mai aiki a wannan daƙiƙar. Ɓarawon da ya samu teburin kalmomin sirri yana da jan aiki a gabansa kafin ya fasa su. Wanda ya samu teburin zama kuwa kwafa kawai zai yi ya liƙa a burauzarsa, ya zama shugaban shafin.

Hanyoyin da tebur ke fita waje suna da yawa. Akwai cusa umarnin SQL ta gurbin rubutu da ba a tace ba, tsohuwar cuta da har yau ba ta mutu ba. Akwai kwafin ajiya da aka jefa a wata jaka aka manta ba a rufe ba. Akwai ɗan kwangila da aka ba damar karanta rumbu don ya haɗa rahoto, da kwafin da mai gini ya sauke a kwamfutarsa don gwaji, da kundin da ke rubuta duk tambayar da ta yi jinkiri tare da abin da ke cikinta. A duk waɗannan, damar karatu kaɗai ta isa. In wa'adin zama mako biyu ne, kwafin ajiya na makon jiya cike yake da mabuɗai masu rai.

Gyaran layi biyu ne na rubutu. Bayan an ƙirƙiri lambar an aika wa burauza, sai a bi da ita ta lissafi mai hanya ɗaya irin SHA-256, wanda ke fitar da tambarin da ba a iya juya shi a koma ga asali. Tambarin ake ajiyewa a tebur. In kuki ya dawo, a sake lissafin, a nemi tambarin. Wanda ya sace teburin ya sace abin da burauza ba za ta iya amfani da shi ba. Wani zai ce, me ya hana a yi amfani da bcrypt ko Argon2 kamar na kalmar sirri? Waɗannan an yi su da jinkiri ne da gangan, saboda mutum ke zaɓen kalmar sirri, mutum kuwa sunan ɗiyarsa da shekarar haihuwarta zai sa, ana iya cankarsa. Lamba mai bit 128 ba ta cikin ƙamus ɗin kowa, ba ta buƙatar jinkiri, kuma da an yi amfani da su da kowace dannawa ta zama azaba.

Akwai riba ta biyu da ba kowa ya lura da ita ba sai a Disambar 2019, lokacin da aka sanar da wata kafa a Rack, ginshiƙin da Ruby on Rails ke tsaye a kai, mai lamba CVE-2019-16782. Fihirisar rumbu kan ɗauki lokaci daban-daban gwargwadon yadda abin da aka nema ya yi kusa da abin da ke ajiye. Bambancin ƙanƙani ne, amma mai haƙuri da ke auna lokacin amsa zai iya lalubo lamba mai aiki sannu a hankali. Maganin da masu Rack suka kawo shi ne dai wannan: lamba ɗaya ga burauza, tambarinta ga ma'ajiya. Da yake sauya harafi ɗaya a lambar na sauya tambarin gaba ɗaya, awon lokacin ba ya nuna wa mai kutse ko ya matso. Duk da haka, kada ka ɗauka tsarin da kake amfani da shi ya yi maka wannan. A Django, abin da ke kuki shi ne abin da ke tebur, harafi da harafi. Laravel ya bi ta wata hanya, yana kulle kukin da mabuɗin manhajar, ta yadda lambar da ke tebur ita kaɗai ba ta isa ba, muddin mabuɗin bai fita tare da ita ba.

Tambari na tsare tebur ne kawai. Lambar na iya sulalewa a hanya ko a hannun mai ita. A Oktoban 2010 Eric Butler ya fitar da Firesheep, ƙaramin ƙari ga Firefox da ke nuna maka hotunan mutanen da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai, ka danna hoton mutum ka faɗa asusunsa na Facebook ko Twitter. A lokacin shafukan kan kulle shafin shiga kaɗai, kuki kuwa ya yi ta yawo a fili. Abin kunyar nan ya taimaka wajen tura su ga HTTPS a ko'ina. Yau ana sa wa kukin zama alamomi uku: Secure don kada ya bi hanyar da ba a kulle ba, HttpOnly, wadda Microsoft ta shigo da ita a 2002, don kada rubutun JavaScript ya karanta shi, da SameSite don kada wani shafi ya tura burauzarka aiki da sunanka. Kuma a sauya lambar da zarar mutum ya shiga. Mitja Kolšek ya bayyana dalili tun Disambar 2002: in mai kutse ya dasa maka lambar da ya sani kafin ka shiga, shafin kuma ya bar ta yadda take, to da hannunka ka buɗe masa.

Ko an yi duk wannan, sata ba ta ƙare ba. A Janairun 2023 kamfanin CircleCI ya sanar cewa muguwar manhaja a kwamfutar wani injiniyansa ta ɗauke kukin zamansa, ɓarayin suka wuce tabbatarwa mai mataki biyu ba tare da sun taɓa ta ba. A Oktoban shekarar aka bayyana kafar da ake kira Citrix Bleed, wadda ke zubo lambobin zama daga ƙwaƙwalwar na'urar, kuma da ita aka shiga Boeing. Kamfanin tsaro na Mandiant ya ja kunnen mutane cewa toshe kafar bai isa ba, sai an kashe duk zaman da ke raye, don lambar da aka riga aka sace tana nan tana aiki bayan gyara. Wanda ya toshe ya tsaya nan ya kashe maciji bai sare kansa ba. Tun da ba za a iya rantsewa lamba ba za ta taɓa fita ba, ikon kashe ta shi ne abin riƙewa.

Wa'adi ma a tebur ake yanke shi. Ranar ƙarewar da ke jikin kuki roƙo ne kawai ga burauza, ɓarawo ba zai saurare shi ba. Sabar ce za ta duba layin ta ce lokaci ya wuce. OWASP na ba da shawarar minti 2 zuwa 5 na rashin motsi ga shafi mai haɗari irin na kuɗi, 15 zuwa 30 ga mai sauƙi, sannan da iyakar da ko ana motsi sai an sake shiga. A ƙasashenmu wannan ba ƙaramin batu ba ne, inda ɗalibai ke cike rajistar makaranta a shagon kwamfuta, wannan ya tashi wancan ya zauna a kujerar tun ba ta huce ba. Shafin makarantar da ya bar zama na mako biyu ya miƙa bayanan yaron farko ga duk wanda ya biyo baya.

Wasu kan ɗaure zama ga adireshin IP, in ya sauya a kori mutum. A takarda dabara ce. A aikace, ga jama'ar da kusan duk da datar waya suke shiga intanet, adireshin kan sauya in sabis ya ɗauke ya dawo, ko mutum ya koma ɗaya layin, ko ya bar Wi-Fi ɗin ofis. A gefe guda kuma kamfanonin waya kan tara mutane masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Sai ka kori mai gaskiya sau biyar a yini, ɓarawon da ke kan layi ɗaya da shi kuwa ya wuce. A riƙe adireshin a matsayin alama: in zaman da ke Kano ya bayyana a wata nahiya cikin minti goma, a nemi kalmar sirri. Kuma a tuna cewa teburin da ke ɗauke da adireshi da na'ura da lokacin motsin kowa bayanin mutane ne, irin wanda dokar GDPR ta Turai da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ke magana a kai. Abin da aka goge ba a sace shi, ba a kuma tuhumarka a kansa.

Saura masu cewa a yar da teburin gaba ɗaya. Hujjarsu, a zuba bayanin a kuki a sa masa hannu da mabuɗin sirri, ta yadda in Audu ya sauya harafi ɗaya sabar za ta gane. Rails ya mai da wannan hanyarsa ta asali tun 2007, daga baya kuma JWT, wanda aka daidaita a 2015 cikin RFC 7519, ya zama abin yayi. Babu duba rumbu, babu shara, sabar goma ma duk za su gane shaidar. Ga manhajojin da ke magana da juna cikin gida, da shaidar da ke mutuwa bayan 'yan mintuna, tsari ne mai kyau, ba ni da ja.

Amma a tambaye su batun Hajara. Shaidar da aka sa wa hannu tana aiki har wa'adinta ya cika, ko an sace ta, ko mai ita ta danna fita, don sabar ba ta riƙe lissafin komai ba balle ta goge. Za su ce a ajiye jerin waɗanda aka soke. A ina? Ko su ce a gajarta wa'adin, a ba da shaida ta biyu ta sabuntawa wadda ake iya sokewa. Ita kuma a ina za ta zauna? An zagaya an dawo rumbu, da ƙarin sarƙaƙiya a kai. Abin da ya rage musu in ba haka ba shi ne sauya mabuɗin sirri, wanda zai kori kowa saboda wayar mutum ɗaya. Ga shafin da mutane ke shiga da burauza, ban ga ribar da ta kai wannan hasara ba.

In kana da shafin da ke aiki yanzu, ga gwajin da ba zai ci maka minti goma ba. Shiga da asusunka, buɗe kayan binciken burauza, kwafi kukin zama, ka neme shi a teburinka. In ka gan shi yadda yake, sa masa tambari a makon nan. Sannan danna fita, mayar da tsohon kukin da hannu, ka sabunta shafin. In ya bar ka ka wuce, maɓallin fitar nan ado ne kawai, kuma gyaransa ya riga duk wani sabon abu da kake shirin ƙara wa shafin.